Yadda Ake Tsara Burin Karatu na Shekara Tare da Abokan Karatu

Duk ƙarshen watan Disamba, a zaurukan masu son littafi na WhatsApp da Telegram da Facebook, akan ga mutane suna shelanta adadin littattafan da suka ƙudura karantawa a shekara mai kamawa. Wannan ta ce 24, wancan ya ce 52, watau ɗaya a kowane mako, wani kuma da ya ga an zarce shi sai ya ɗaga nasa zuwa 100. Kafin ruwan farko ya sauka, da yawa daga cikinsu sun yi gum, ko sallama ba sa amsawa a zauren saboda kunya. Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami, domin akwai shekarar da na yi alkawarin 50 a gaban jama'a, watan Yuni ya riske ni da bakwai, sannan na ƙare Disamba ina tsince-tsincen ƙananan littattafai masu shafi 30 don kawai adadi ya motsa, kuma a yau ko sunayen rabinsu ba zan iya kawowa ba.

Kuskuren yana wurin farawa. Mutum yakan fara da adadin da ya yi masa daɗi a baki, sannan ya koma neman lokacin da zai cika shi, alhali abin da ya kamata shi ne ya fara da lokacin da yake da shi a haƙiƙa, ya bar adadin ya fito da kansa daga lissafi. Matakan da ke tafe an jera su ne a kan wannan, kuma na farkon ya fi sauran muhimmanci.

Mataki na farko: auna kanka kafin ka faɗi adadi

Ka ware mako guda kafin shiga sabuwar shekara, ka ɗauki irin littafin da ka saba karantawa, ka saita agogon wayarka a kan minti 15, ka yi karatu kamar yadda ka saba ba tare da gaggawa ba, sannan ka ƙirga shafukan da ka ci. Ka maimaita haka sau uku ko huɗu a ranaku daban-daban da lokuta daban-daban, domin karatun bayan sallar asuba ba ɗaya yake da na bayan isha'i ba, lokacin da ido ya yi nauyi kuma ciki ya cika da tuwo. Idan kana karatu da harsuna biyu, ka auna kowanne dabam. Wanda yake zuba gudu a ƙagaggen labarin Hausa zai iya tarar da cewa a littafin tarihi na Turanci ko na Faransanci, ko a littafin Larabci marar wasali, saurinsa ya ragu ƙwarai.

Bayan haka sai ka tambayi kanka, tsakaninka da Allah, minti nawa kake iya warewa a ranar aiki ta yau da kullum. Ba ranar hutu nake nufi ba, ranar da aka tashi yara makaranta, aka je kasuwa ko ofis, aka dawo a gajiye. Ga mafi yawan masu iyali amsar takan tsaya tsakanin minti 20 da 30, kuma wannan ba abin raini ba ne.

Yanzu sai lissafi. Shekara kwana 365 ce, amma kada ka yi lissafi da dukkansu. Ka cire kwana 65 tun daga farko, ka bar su ga rashin lafiya, da tafiye-tafiye, da biki da suna da zaman makoki, da hidimar salla ƙarama da babba, da ranakun da kawai rai bai so ba. Saura 300. Idan awonka ya nuna kana cin shafi 10 a lokacin da ka ware, ka samu shafi 3,000 a shekara, wanda ya yi daidai da littattafai 12 masu shafi 250. Idan shafi 20 ne, ka samu 6,000, watau littattafai 24. Wanda ya ce zai karanta 52 masu irin wannan kauri yana ɗaukar wa kansa shafi 13,000 ne, fiye da shafi 43 a kowace rana daga cikin 300 ɗin nan, kuma ya kamata ya ga wannan adadi ƙuru-ƙuru kafin ya buɗe baki.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa niyyar sauke Alƙur'ani a watan azumi ya san ba ya kallon izu sittin gaba ɗaya, izu biyu yake kallo a rana, kuma masu amfani da bugun Madina mai shafi 604 sukan ƙara rarraba shi zuwa shafi huɗu bayan kowace salla. Abin da ke sa saukar ta yiwu shi ne rabon yana da ƙanƙanta kuma an ɗaure shi da wani lokaci da ba ya sauyawa. Haka za ka yi wa karatunka na shekara: ka ɗaure shafukanka goma da wani abu da kake yi kullum, ko shan shayin safe, ko zaman jiran a tashi yara, ko tsakanin magariba da isha'i.

Mataki na biyu: shimfiɗa burin a kan kalandarka

Watanni ba su da nauyi ɗaya. Ka ɗauki kalanda ka yi alama a kan watan azumi, wanda kowace shekara yake zuwa da wuri da kusan kwana 11, ka ɗauka cewa a cikinsa karatun da ba na addini ba zai ja baya, musamman ga matan da hidimar buɗa-baki da sahur ke kansu. Manomi ya yi alama a kan watannin shuka da noma da girbi, ɗalibi a kan lokacin jarrabawa, ɗan kasuwa a kan makonnin cinikin salla. Littattafai masu nauyi a kai su watannin sarari, masu sauƙi a bar su ga watannin matsi. Idan zaurenku ya fi son bin shekarar Hijira, daga Muharram zuwa Zulhajji, babu laifi, sai dai a tuna kwananta kusan 354 ne, a rage lissafin daidai da haka.

Mataki na uku: ku yanke abin da za a ƙirga

A nan ne rigima takan ɓarke a zaure, kuma kusan kullum a tsakiyar shekara, lokacin da wani ya ga wata ta ba shi rata. Maganinta shi ne a zauna a rubuta ƙa'ida tun ranar farko, a maƙala ta a inda kowa zai gani.

Matsala ta farko ta littattafanmu ce na Hausa, waɗanda aka saba bugawa kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, kowane kashi siriri. Shin wanda ya karanta labari guda mai kashi huɗu ya karanta littafi ɗaya ne ko huɗu? Ko Magana Jari Ce na Abubakar Imam littafi uku ne a bugu, ga shi kuwa suna ɗaya. Matsala ta biyu ta labaran da marubuta ke saki a waya ce, a WhatsApp ko Wattpad, inda abin da ake kira shafi ɗaya yakan kai tsawon babi guda, labari kuma ya ɗauki watanni bai ƙare ba. A ganina duka biyun suna warwarewa idan zaure ya daina ƙirga littafi ya koma ƙirga shafi ko minti. Ga labarin waya, mai karatu ya rubuta mintunan da ya yi, a mayar da su shafuka bisa awon da ya yi wa kansa a matakin farko. Ta haka wanda ya shafe wata biyu a kan littafin tarihi mai shafi 600 ba zai ji an bar shi a baya ba don wani ya hadiye ƙanana goma.

Sai littafin da ake saurare. Sauraron karatun littafi a rediyo tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, yanzu kuma ga YouTube cike da masu karanta labarai. Wasu sukan ce wannan ba karatu ba ne. Ni ina ganin a ƙirga shi, domin matar da ke saurare tana wanke-wanke, ko direban da ke kan hanyar Kano zuwa Maraɗi, ko wanda idonsa ya yi rauni, duk sun san labarin kuma za su iya tattauna shi. Sai dai a buɗe masa gurbi nasa a lissafi, domin wanda burinsa shi ne ya saba da kallon rubutu, ya gyara ƙa'idar rubutunsa, sauraro ba zai biya masa wannan buƙata ba.

Saura abu biyu da za a yanke a gurguje. Littafin da aka maimaita a ƙirga shi. Littafin da aka fara aka ga ba ya tafiya, a ba shi shafi 50, in bai kama zuciya ba a ajiye shi, a ƙirga shafukan da aka karanta, a wuce gaba. Littafi guda marar daɗi da mutum ya ɗaure wa kansa dole yana iya tsayar da karatun wata uku.

Mataki na huɗu: ɗora ƙalubale a kan adadi

Adadi kaɗai ba ya faɗaɗa mai karatu, domin wadda ta saba da labaran soyayya za ta iya cika burinta tsaf ba tare da ta leƙa ko'ina ba, haka ma wanda bai san komai ba sai littattafan siyasa. Amfanin ƙalubale shi ne ya ja mutum zuwa rumfar da bai saba tsayawa ba. Zaure ya tsara sharuɗɗa, amma kada su wuce rabin burin mutum: mai burin littattafai 12 ya ɗauki sharuɗɗa shida, sauran shidan ya karanta abin da ransa ke so. Jeri mai sharuɗɗa 40 yakan mayar da karatu aikin gida na makaranta.

Sharuɗɗan da suka fi armashi su ne waɗanda suka fito daga inda kuke. Ana iya cewa kowa ya karanta ɗaya daga cikin ƙagaggun labaran da suka fito daga gasar rubutu ta 1933 da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a Zariya, waɗanda su ne na farko a rubutun boko, domin a ji yadda Hausar wancan zamani take. Ana iya sa littafin waƙoƙi, ko wasan kwaikwayo, ko tarihin garin da mutum ya fito, ko littafin da aka fassaro daga wani harshe, ko na marubuci daga tsallaken iyaka, ɗan Nijeriya ya nemi na Nijar, ɗan Nijar ya nemi na Nijeriya. Wanda ya iya ajami ya karanta waƙa guda a rubutunta na asali ya koya wa wani a zauren. Akwai kuma sharaɗin da na fi so, wato kowa ya tambayi wani dattijo a gidansu littafin da ya fi tunawa daga makarantar firamare, ya nemo shi ya karanta, sannan ya koma su yi hira a kai.

Wasu ranaku na shekara suna taimakawa wajen ɗaure sharuɗɗan. Ranar 23 ga Afrilu ita ce ranar littafi ta duniya da hukumar UNESCO ta ware tun 1995, ta dace da sharaɗin ba wani kyautar littafi. Ranar 26 ga Agusta ranar Hausa ce, sai a sa watan Agusta ya zama na littattafan Hausa zalla. Gasar Hikayata ta gajerun labaran mata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016, tana ba da labaran da za a iya saurare a tattauna a zama ɗaya, abin da ya dace da watan da kowa ke cikin matsi.

Mataki na biyar: tsara zauren kamar adashe

Abin da ke riƙe adashe ba yawan kuɗin zubi ba ne, sanin juna ne da sanin ranar zubi da kuma uwar adashe mai bin kowa. Zauren karatu ma haka yake. Mutum ɗari biyu a wuri ɗaya ba sa riƙe juna, domin in ɗaya ya ɓace babu mai lura. Idan zauren babba ne, a raba shi rukuni-rukuni na mutum takwas zuwa goma sha biyu, kowane rukuni da mai kula da shi, a riƙa sauya mai kulawar duk wata uku don kada gajiya ta kashe mutum ɗaya.

A tsayar da ranar zubi guda a mako, misali daren Juma'a, inda kowa zai rubuto abu uku kawai: sunan littafin da ke hannunsa, shafin da ya kai, da jimla ɗaya a kan abin da ya tsaya masa a rai. Wannan jimla ɗaya ita ce gishirin abin. Ita ke bambanta wanda ya karanta da wanda ya yi ta juya takarda, ita ce kuma ke jawo hira, domin sau da yawa wani zai ce shi ba haka ya fahimci wurin ba. Wanda bai karanta komai ba a makon ya rubuto haka kai tsaye, kuma kada kowa ya yi masa gori. Wanda aka yi mako biyu ba a ji ɗuriyarsa ba, mai kulawa ya tuntuɓe shi a keɓe, ya fara da tambayar lafiyarsa da ta iyali kafin ya ambaci littafi.

Sau ɗaya a wata a yi zaman tattauna littafi guda da kowa ya karanta. A sa lokaci, a sa wanda zai jagoranta ya zo da tambayoyi uku ko huɗu, a kuma taƙaita saƙon murya zuwa minti biyu, saboda data tsada gare ta kuma ba kowa ke da wurin saurare ba. A hana bayyana ƙarshen labari kafin ranar zama. A hana tallace-tallace da saƙonnin da ake turawa daga zaure zuwa zaure, domin na ga zauren karatu da ya koma kasuwar atamfa da turaren wuta cikin wata biyu, masu karatun suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Game da jera sunaye daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, ina ba da shawarar a guje shi. Ɗalibar da ke hutu da uwar 'ya'ya huɗu ba a filin tsere ɗaya suke ba. In dai za a yi jeri, a yi shi a kan kashi nawa cikin ɗari na burinsa kowa ya cika, ta yadda mai burin shida da ya karanta uku yake daidai da mai burin 40 da ya karanta 20.

Mataki na shida: tanadi littattafan tun kafin a buƙace su

Yawancin tsaikon karatu yana faruwa ne a tsakanin littafi da littafi, lokacin da aka gama ɗaya ba a san na gaba ba. Kullum ka kasance da biyu a ajiye suna jira. Idan 'yan rukuni suna gari ɗaya, kowa ya sayi littafi guda a riƙa zagayawa da su, mutum goma sun samu littattafai goma da kuɗin ɗaya ke nan, amma a rubuta wanda ya karɓa da ranar da zai mayar, don aron littafi ya raba abokai da yawa. A leƙa ɗakunan karatu na gwamnati, irin su na Murtala Muhammad da ke Kano, a kuma yi tanadin kuɗi don bukukuwan littattafai kamar wanda ake yi na littattafan Hausa da fasaha, da aka fara a Kaduna a 2021.

Wani abu da ya kamata zaure ya tsaya a kai da ƙarfi shi ne haƙƙin marubuta. Da yawa daga marubutan da ke saki a waya suna sayar da labaransu ne, su ba da shafukan farko kyauta, sauran sai an biya. Wanda ya biya ya kwafo ya watsa wa mutum hamsin a zaure ya ci gumin wani, kuma zauren da ke taƙama da son littafi bai kamata ya zama hanyar karya masu rubuta shi ba. A sa wannan a cikin ƙa'idojin ranar farko.

Mataki na bakwai: rubuta, sannan ka duba a tsakiyar hanya

Akwai manhajojin da aka yi don wannan aiki. Goodreads, wadda kamfanin Amazon ya saya a 2013, tana da ƙalubalen shekara inda mutum ke sa adadi, ita kuma ta riƙa nuna masa ko yana gaba ko yana baya da littafi nawa. StoryGraph tana ba da damar sa burin shafuka, wanda ya fi dacewa da tsarin da na bayyana. Sai dai littattafan Hausa da yawa ba sa cikin rumbunansu, don haka ɗan littafin rubutu mai shafi 40 ya fi yi mini aiki. Nawa na ja masa layi biyar: suna da marubuci, ranar farawa, ranar gamawa, yawan shafi, sai fili mai faɗi na abin da na ɗauka. Yana zaune a ƙarƙashin matashi da biro a maƙale, bangonsa duk tabon shayi, kuma ba ya buƙatar caji ko data.

A ƙarshen watan Yuni kowa ya buɗe lissafinsa a zaure. Wanda ya kai rabi ko kusa ya ci gaba. Wanda ya zarce sosai kada ya ƙara adadi, ya ɗauko littafin nan mai kauri da ya daɗe yana tsoro. Wanda bai kai kashi ɗaya cikin uku ba ya sake lissafin matakin farko da kwanakin da suka rage, wato kusan 150 bayan an cire na uzuri, ya sanar da sabon burinsa a fili, zaure kuma ya karɓa ba tare da tsokaci ba. Kada ya ce zai rama bashin ta hanyar ninka shafukan kullum, domin wanda ya kasa goma a rana ba zai iya ashirin ba, kuma abin da ke biyo baya shi ne ya watsar gaba ɗaya.

A zaman ƙarshe na Disamba, kowa ya kawo jimillar shafukansa da littafi ɗaya da yake so wani a rukunin ya karanta a shekara mai zuwa, ya kuma faɗi dalili. Jimillar nan a raba ta da 300, abin da ya fito shi ne ainihin shafukan da mutum yake ci a rana, kuma da shi za a fara lissafin sabuwar shekara a maimakon awon minti 15 da aka yi a farko.